Samanja Chari Maigumeri Da Ramukan Yaƙin Garwa

Da editan wannan mujalla tamu ya aiko mini da saƙo cewa a wannan fitowa ni ne zan cike filin tarihin mazan jiya, na daɗe ina juya wanda zan ɗauko. Sarakuna da malamai da 'yan siyasa an sha yin rubutu a kansu. Daga baya sai na tuna da wani bashi da ke wuyana tun muna aji uku, na ga ba ni da wata dama ta biyansa da ta wuce wannan.

Waɗanda muka yi zamani tare a shekarun 1970 ba za su manta da tsohon maigadin nan na bakin ƙofa ba, wanda muke kira Baba Soja. Kullum da la'asar sakaliya yake hawo kekensa daga Sabon Gari, ya biyo hanyar Samaru, takalminsa yana ƙyalli kamar mai zuwa fareti. Idan muka taso daga karatun dare mukan kewaye shi ya ba mu labarin Yaƙin Bama. Duk lokacin da labari ya biyo ta kan wani samanja mai suna Chari Maigumeri, sai tsohon nan ya miƙe tsaye ya ƙame, sa'an nan ya ci gaba. Mu kuwa abin dariya yake ba mu. Wata rana da dare na tashi ina kwaikwayonsa a gaban 'yan ɗakinmu, ashe yana tsaye bayan taga yana kallona. Bai ce mini uffan ba, amma tun daga ranar bai sake ba mu labari ba har muka bar makaranta.

A wannan shekarar ce kuma muke haddace Yaƙin Duniya na Ɗaya saboda jarrabawa. Mun san cewa a Verdun ta ƙasar Faransa an yi wata goma ana gwabzawa a 1916, mun san Jamusawa sun ƙwace sansanin Douaumont a watan Fabrairu, Faransawa suka sake ƙwace shi a watan Oktoba. Abin da manhaja ta ce a koya mana ke nan, kuma malamanmu sun koyar da shi yadda ya kamata. Amma babu ɗayanmu da ya san cewa a wannan yaƙin an haƙa ramuka a bakin Kogin Binuwai, an yi ta karɓe-karɓen wuri ɗaya, kuma waɗanda ke cikin ramukan ta kowane ɓangare mutanenmu ne. Sai bayan shekaru masu yawa, da aiki ya kai ni Lakwaja, na ga allon wani barikin soja ɗauke da sunan Chari Maigumeri. Nan take Baba Soja ya faɗo mini a rai, kunya ta rufe ni, na shiga neman labarin mai wannan suna.

Asalinsa Da Zamaninsa

Chari mutumin ƙasar Borno ne, kuma ya tashi a lokacin da ƙasar ke cikin ruɗani. An kashe Rabe a Kusuri a 1900, daga nan Turawan Ingila da Faransa da Jamus suka yayyanka daular Borno a tsakaninsu, Dikwa ta faɗa hannun Jamus. Haka aka yi wa Adamawa: Turawan Ingila suka ci Yola a 1901, Garwa kuwa, wadda a da take ƙarƙashin Lamiɗo, ta zama ta Jamus. Wato iyakar da ta raba Nijeriya da Kamaru a lokacin sabuwa ce fil, Turawa ne suka zana ta a kan takarda, talaka kuwa bai daina ƙetara ta ba don fatauci ko kiwo ko neman abin sawa a baka. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da Chari, yana saurayi ɗanye, ya shiga aikin sojan Jamus a Kamaru a wajajen 1913. Aiki ne mai albashi da kaki da abinci, kamar yadda tsararrakinsa na Kano da Zariya da Bauci ke shiga na Ingila.

A ranar 1 ga Janairu 1914 aka haɗe Arewa da Kudu, aka kuma haɗe sojojinsu suka zama Rundunar Nijeriya mai bataliya biyar. Ta farko tana Kaduna, ta biyu Lakwaja, ta uku Kalaba, ta huɗu Legas, ta biyar kuwa, wato ta mahaya dawaki, tana Kano. Hafsoshi duk Turawa ne, amma da Hausa ake ba da umurni. Ba a cika wata takwas ba yaƙi ya ɓarke a Turai, a watan Agusta, aka ce wa waɗannan sojoji su shiga Kamaru.

Karon Farko

Garwa tana arewa da Kogin Binuwai, kuma ita ce mabuɗin arewacin Kamaru. Wanda ya riƙe ta yana iya tare hanyar kogi, yana kuma iya kai wa Yola hari duk ran da ya ga dama. Jamusawa sun san haka, shi ya sa kwamandansu, Kyaftin von Crailsheim, ya kewaye wurin da sansani biyar a kan tuddai, kowanne da ramukansa, ga bindigogi masu ruwa an girke ta yadda kowane sansani zai iya kare ɗan'uwansa. Turawan da ke ciki 'yan kaɗan ne. Masu riƙe da bindiga a cikin ramukan baƙaƙen fata ne irin su Chari.

Laftanar Kanar Maclear ne ya jagoranci rundunar da ta taso daga Yola. Sun ƙetara iyaka, suka yi wata 'yar arangama a Tepe ranar 25 ga Agusta 1914, suka wuce. Da daren 29 ga wata suka lallaɓa cikin duhu suka auka wa ɗaya daga cikin sansanonin, suka kori masu tsaronsa, suka shige ramukan. A wannan dare kam sun ɗauka an gama. Gari na wayewa sai suka tarar ramin da suka ƙwace ya zame musu tarko, domin sauran sansanonin suna hangensa sarai, kuma masu shi sun san tsawonsa da faɗinsa. Jamusawa suka buɗe musu wuta da bindigogi masu ruwa, suka biyo da farmaki. Aka kashe Maclear da wasu hafsoshinsa, aka kashe sojoji da dama, sauran suka watse, suka koma Yola a jigace. Sansanin da aka karɓa da dare ya koma hannun masu shi da safe.

Ba a Garwa kaɗai aka sha kashi ba. Rundunar da ta taso daga Maiduguri ƙarƙashin Kyaftin Fox ta kasa hawa dutsen Mora, wadda ta shiga ta kudu kuma aka murƙushe ta a Nsanakang ranar 6 ga Satumba. Cikin mako biyu duk hare-haren uku sun ci tura.

Wata Tara Na Haƙa Da Jira

Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Von Crailsheim bai ɗauki nasarar nan a matsayin ƙarshen magana ba. Ya tara leburori masu yawa daga ƙauyukan kewaye, aka yi wata da watanni ana aiki. Aka zurfafa ramuka, aka yi ɗakunan fakewa a ƙarƙashin ƙasa, aka ja waya mai ƙaya, aka kuma haƙa rijiyoyi a gaban sansanonin, aka kakkafa masu da tsinin itace a cikinsu, aka rufe bakinsu don mai kawo farmaki ya rufta.

Daga cikin wannan maɓoya kuma ya riƙa fitowa yana kai hari cikin Nijeriya. A ranar 29 ga Afrilu 1915 ya auka wa Gurin, wani gari na bakin iyaka kusa da Yola, da sojoji ɗaruruwa. Masu tsaron wurin ba su fi mutum arba'in da 'yan kai ba, a cikin wani ɗan sansani na ginin ƙasa. Aka kashe shugabansu, Kyaftin Pawle, amma suka ƙi ba da kai, suka yi ta musayar wuta na sa'o'i har Jamusawa suka haƙura suka janye. Wannan ya tabbatar wa hukuma cewa muddin Garwa na tsaye, Yola ba za ta yi barci ba.

Karo Na Biyu

Wannan karon Kanar Cunliffe ne ya zo, tare da rundunar Faransa ƙarƙashin Laftanar Kanar Brisset. Cunliffe ya koyi darasi daga abin da ya sami Maclear, bai yarda ya tura mutane su ruga cikin wuta ba. Sai ya nemi manyan igogi. Aka ciro wata igwa daga jirgin ruwan yaƙi na Ingila, aka biyo da ita ta Kwara da Binuwai, inda ruwa ya yi ƙasa kuma mutane suka ja ta da ƙarfin tsiya. Faransawa su ma suka kawo tasu mai bakin milimita 95.

Daga 31 ga Mayu 1915 aka fara abin da ake kira yaƙin rami sosai. Ga yadda ake yinsa. Da rana kowa yana kwance cikin raminsa, wanda ya ɗaga kai ya sha harsashi, igogi kuwa suna ta luguden sansanonin. Dare na yi sai sojoji su ajiye bindiga su ɗauki diga da shebur, su haƙa sabon rami gaba da na jiya, suna tara ƙasar ta fuskar abokan gaba don ta zame musu garkuwa. Ba a haƙa hanyar a miƙe, sai a karkace, don kada harsashi ɗaya ya bi ta ya share duk wanda ke ciki. Kafin asuba an koma sabon ramin. Na cikin sansani kuwa kowace safiya sai ya ga abokin gaba ya ƙara matsowa, ba shi da yadda zai yi. Ku tuna kuma farkon damina ne a kwarin Binuwai, ga zafi, ga sauro, ga laka.

Kwana goma aka yi a haka. Da harsasan igwa suka fara fasa ɗakunan fakewa suna kashe na ciki, sai zuciyar sojojin Jamus baƙaƙe ta karaya. Wasu suka ƙi bin umurni, wasu suka fasa da gudu suka faɗa Binuwai don su tsere, kogin kuwa ya kawo ruwa, da yawansu suka nutse. Ranar 10 ga Yuni 1915 aka ɗaga farar tuta. Aka kama Turawa 37 da sojoji baƙaƙe 212. Chari Maigumeri, wanda Jamusawa suka riga suka ba lambar yabo saboda jaruntarsa a wannan yaƙi na Kamaru, a nan Garwa ya faɗa hannun Turawan Ingila ya zama fursunan yaƙi.

Daga nan sauran garuruwa suka bi. Ngaundere ta faɗi a ƙarshen watan Yuni, dutsen Banyo a watan Nuwamba. Mora kaɗai ta rage, inda Kyaftin von Raben ya yi kusan wata 18 a kan dutse, ana hawa ana koro mutane, bai sauko ba sai ranar 18 ga Fabrairu 1916, bayan ya tabbata duk sauran Kamaru ta tafi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da aka zo rabon ƙasar a 1916, Garwa da Mora duk Faransa aka bai wa. Ingila ta ɗauki wani siririn yanki na bakin iyaka, har da Dikwa, wanda ɓangarensa na arewa ya zaɓi shiga Nijeriya a ƙuri'ar 1961. Tuddan da 'ya'yan Kano da Zariya da Borno suka mutu a kansu sau biyu, ba a tambayi ko ɗayansu ba ran da aka miƙa su ga wani.

Sabon Kaki

A 1917 Chari ya shiga Rundunar Nijeriya, wato rundunar da ya harba wa bindiga shekara biyu da suka wuce. A lokacin ana matuƙar bukatar ƙwararrun sojoji, domin tun ƙarshen 1916 aka kwashi birged guda ta Nijeriya, ƙarƙashin Cunliffe ɗin nan dai, zuwa Afirka ta Gabas don yaƙar Janar von Lettow-Vorbeck a ƙasar da yau ake kira Tanzaniya. Can ma an sha wuya, ga yunwa a kwarin Kogin Rufiji lokacin damina, ga mummunan karon da aka yi a Mahiwa a watan Oktoba 1917. Chari ya yi aiki a wannan fage, yana yaƙar tutar da ya fara yi wa hidima.

Wani zai ce ai wannan cin amana ne. Ni dai ban ga haka ba. Bai gudu daga Garwa ya koma wa abokan gaba ba, kama shi aka yi bayan shugabanninsa sun miƙa wuya, mulkin da ya yi wa aiki kuma ya shuɗe daga Kamaru baki ɗaya. Rikicin Sarkin Jamus da Sarkin Ingila ba nasa ba ne. Abin da yake nasa shi ne sana'arsa da alkawarin da ya ɗauka, kuma duk inda ya ɗauke shi ya cika.

Bayan yaƙi ya ci gaba da hawa. Ya zama saje a 1920, samanjan kamfani a 1924, kafin 1930 kuma ya zama babban samanjan Bataliya ta Uku. A wancan zamani wannan shi ne ƙololuwar muƙamin da baƙar fata zai iya kaiwa a soja. Babban samanja shi ne gada tsakanin hafsoshi Turawa da sauran sojoji. Horo da tsabta da fareti da sasanta rigingimun bariki duk a wuyansa suke, kuma sabon hafsa da ya zo daga Ingila, in yana da wayo, wurinsa yake koyon aiki. A 1924 aka kafa Daffo a nan Zariya don horar da kuratan soja, kuma samarin da suka fito daga can hannun irin su Chari suke faɗawa a bataliyoyi.

Habasha Da Bama

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, Chari ya haura shekara arba'in, amma ya tafi da bataliyarsa. Birged ta 23, wadda ta ƙunshi bataliya ta ɗaya da ta biyu da ta uku ta Nijeriya, ita ce ta shiga Mogadishu ranar 25 ga Fabrairu 1941, ta fatattaki sojan Italiya zuwa arewa, ta kama Jijiga, ta ɓalle mashigin Marda, ta isa Harar kafin ƙarshen Maris, tafiyar fiye da mil 1,000 cikin kimanin wata guda. A wannan yaƙi na Habasha ne Chari ya sami lambar yabo ta jarunta daga Ingila. Ga mutum ɗaya ke nan da manyan ƙasashe biyu masu gaba da juna suka shaidi jaruntarsa, kowacce a nata lokaci.

Daga nan ya tafi Bama, inda aka kara da sojan Japan cikin ƙungurmin daji. An ambaci sunansa a rahotannin yabo na fagen fama, a 1944 kuma aka ba shi lambar girma ta Daular Ingila saboda daɗewa yana aiki da gaskiya. A Bama ɗin ne wasu bataliyoyin Nijeriya, wato ta 6 da ta 7 da ta 12, suka shiga rundunar da ake kira Chindit, suka tsare wani sansani mai suna White City a kan hanyar jirgin ƙasa a 1944, cikin ramuka da waya mai ƙaya, Japanawa suna ta kawo farmaki dare bayan dare. Daga nan barikin Chindit na Zariya, wanda dukanmu muka sha wucewa ta gabansa, ya samo sunansa.

A 1953 Chari yana cikin waɗanda suka wakilci rundunar a bikin naɗin Sarauniya Elizabeth a Landan. A wannan shekara ya yi ritaya bayan shekara 36 yana aiki, aka ba shi muƙamin kyaftin na girmamawa, ya koma Kawo kusa da Kaduna ya zauna. Ya ajiye kaki ne a daidai zamanin da samari irin su Zakariya Maimalari, shi ma ɗan ƙasar Borno, suka fara dawowa daga Sandhurst da cikakken muƙamin hafsa. Shekara guda bayan ritayarsa, a 1954, aka buɗe makarantar yaran soja a Zariya. Ƙofar da aka rufe masa ta buɗe wa 'ya'yan cikinsa.

Abin Da Ya Rage Mana

Na taɓa zuwa Garwa sau ɗaya. Babban birni ne mai gada a kan Binuwai, mahaifar Ahmadu Ahidjo, shugaban Kamaru na farko. Na tsaya a bakin kogin ina kallon masunta da mata masu wanki, ina tunanin samarin da ruwan ya ci a 1915, da waɗanda suka kwana cikin ramin da suka ƙwace suna jiran wayewar gari. Jamus ta tafi, Faransa ta tafi, Ingila ta tafi. Tuddan suna nan, ba wanda ke faɗa a kansu. Abin da ya wanzu daga duk wannan shi ne sunan da mutum ya yi wa kansa a wurin waɗanda suka yi aiki da shi, har wani tsoho a bakin ƙofar makarantarmu ba ya iya ambatonsa yana zaune.

Ina roƙon shugabannin wannan ƙungiya tamu abu biyu. Na farko, a cikin littattafan da muke saya wa ɗakin karatu na makaranta, a sa waɗanda suka ba da tarihin yaƙin Kamaru da Habasha da Bama, don ƙannenmu da jikokinmu su san Garwa kamar yadda muka san Verdun. Na biyu, a Sabon Gari da Samaru akwai gidaje da yawa da kakanninsu suka je waɗannan yaƙoƙi, wasu har yanzu suna da lambobin yabo da takardun sallama a ƙasan akwati. Duk wanda ke da irin wannan a gidansu, ya rubuta abin da ya ji daga bakin manya ya aiko wa edita, kafin mu ma mu kau.

Shi kuwa Baba Soja, ban sami damar neman gafararsa ba. Da na koma nemansa a Sabon Gari, maƙwabtansa suka ce ya daɗe da rasuwa. Waɗanda muka yi dariyar tare a daren nan sun san kansu, kuma na tabbata za su taya ni cewa Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan samanjansa Chari Maigumeri, da duk waɗanda suka kwanta a ramukan Garwa ta kowane ɓangare.

Wassalam.